Abin da na koyo a Wagadugu

Shekara shida na yi ina tace finafinai, wato aikin edita, a wani ɗan ɗaki a titin Gidan Zoo da ke Kano, har na fara jin babu abin da ya rage mini a sana'ar. Sai a watan Fabrairun 2019 maigidana ya ce in raka shi FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, duk bayan shekara biyu. A shekarar bikin ya cika hamsin, don tun 1969 aka fara shi. Ni dai riƙon jaka ya kai ni, gaskiya.

Daren farko muka shiga sinimar Neerwaya. Harshen da ake yi a fim ɗin ban taɓa jin sa ba, fassarar ƙasan allo kuma Faransanci ce, wanda ko gaisuwa ban iya da shi ba. Na ce to, yau sai barci. Sai ga wata mata a allo tana wanke-wanke. Mijinta ya shigo ya ajiye makulli, ba ta ɗago ba. Kyamara ta tsaya a kan hannunta, tana ta cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita tas. Na ƙirga a zuci, ya kai daƙiƙa ashirin ba wanda ya ce uffan. Wata dattijuwa a gefena ta ja tsaki. Ni ma na gane auren nan ya zo ƙarshe.

Da a kwamfutata hoton nan ya faɗo, a daƙiƙa ta uku zan datse shi, in ɗora kiɗan tausayi, in garzaya inda take zaune a falo da ƙawarta tana zayyana mata damuwarta. Haka muka saba, tsoron shiru muke yi, kamar mai kallo zai tashi ya tafi.

Kunyar da na sha kuwa a MICA ce, kasuwar finafinai da ke ci tare da bikin. Wani mai saya wa gidan talabijin ya kalli tallar fim ɗinmu, ya yaba, sai ya tambaya ko muna da muryoyi daban, kiɗa daban, don su ɗora nasu harshen. Maigida ya juyo: "Kai, akwai?" Babu. Na haɗe komai wuri guda, fassarar Ingilishin ma na manna ta a jikin hoton, asalin fayilolin kuma na goge don in sami wurin aikin gaba. Mutumin ya miƙo katinsa cikin ladabi, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

A da muna fakewa da cewa babbar gasar sai fim ɗin da ke kan zaren milimita 35, mu kuwa 'yan bidiyo ne. Tun 2015 aka buɗe ta ga finafinan dijital. Kuma wanda ya fara ɗaukar kyautar Dokin Yennenga, babbar kyautar bikin, a 1972 maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar.

Da na dawo, faifan ajiya na fara saya. A aikin farko na bar shirun daƙiƙa goma sha biyar a inda uwa ke naɗe kayan ɗanta. Furodusa ya cire abin kunne ya ce, "Malam, sauti ne ya ɗauke?" Muka yi ta ja, ƙarshe aka tsaya a takwas.