Ni da Auta da exasperate

Talata. An kawo wuta da asuba na samu na yi guga, kafin takwas sun ɗauke abarsu. Kasuwa kuma ba a cewa komai, tumatir na kallo ne kawai yanzu.

Auta ne dai ya tsaya min a rai yau. Kun san tunda JAMB ta matso ba shi da aiki sai tsoffin tambayoyi, Turanci kaɗai tambaya 60 ce cikin 180, shi kuwa nan ne yake shan kashi. Bayan la'asar ina tsinkar zogale ya zo ya tsaya min a ka, wai Yaya meye exasperate, ta fito a inda ake cewa zaɓi wadda ta fi kusa da ma'ana shi kuma ya zaɓi worsen. Na ce exacerbate ce ta ruɗa ka, ita ce ƙara dagula abin da dama a dagule yake, ciwo ko rigima. Exasperate kuwa mutum ake yi wa, ka yi ta ƙure haƙurinsa har ka kai shi bango. Ba fushin zare ido da ɗaga murya ba ne, wannan infuriate ce, ita exasperate kuma ta wuce annoy da sauro ma zai iya yi maka. Irin wanda za ka faɗa wa yaro abu ka maimaita ka sake maimaitawa ƙarshe ka dafe kai ka ce na shiga uku da kai. Asalinta ma Latin ne, asper, wato kaushi, kamar a yi ta dirza maka soso a waje ɗaya. Ni a ganina ma an fi yin ta da wanda ba ka da yadda za ka yi da shi, naka na gida, don bare in ya ishe ka tashi kawai za ka yi ka ba shi waje.

Na ce to yi min jimla mu gani. Ya yi shiru ya ce I am exasperating. Wallahi dariya na yi har zogalen ya kusa kifewa, na ce exasperated ake cewa in kai aka ƙure, in ka sa ing a ƙarshe ai kai ne mai ƙure mutanen kenan. Sai ya ce to ai duk ɗaya ne Yaya, dama na ishi kowa a gidan nan. Bai yi dariya ba. Ya kwashi littattafansa ya yi waje.

Tun lokacin jikina a sanyaye yake. Tunda sakamakon bara ya fito Baba ba ya buɗe baki a kansa sai da gori, Umma ma in ta gaji takan ce sa'anninka duk sun tafi sun bar ka. Ana faɗa ana wucewa, ashe shi tarawa yake. Yaro ne da a da ba ka jin muryar kowa a tsakar gida sai tasa, yanzu ko abinci a ɗaki yake ci. Gobe in Allah ya kai mu zan samu Umma ita kaɗai, Baba kam sai an lallaɓa.

Gas ya ƙare ana tsakiyar tuwo, da gawayi aka ƙarasa. Tela har yanzu bai kira ba kuma biki Asabar ne.