Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Bakan Kawu

A makon jiya na tsaya inda aka kai ni gidan Kawu a ƙasar Tudun Wada, bayan rasuwar Baba. Ina da shekara 13 lokacin.

Kawu maharbi ne, cikin mutanen Sarkin Baka. Bakansa da kwarinsa na rataye a ƙuryar ɗaki, ko matansa ba sa taɓawa, ni kuwa kullum idona na kansu. Da ya ga na nace, sai ya saro gora, ya gasa ta a wuta ya lanƙwasa, ya ɗaura mata tsirkiyar fata, ya miƙo mini da kyauro 5. Ko ɗaya babu ƙarfe a bakinsa.

Na ce, "Kawu, ina kibiyar?"

Ya ce, "Ga ta a hannunka, ɗan nan. Ranar da ka sami ƙwaryar can sau uku a jere, sai mu je maƙera."

Ya jingina ƙwaryar da damin kara, taku 15 daga inda nake. Harbin farko tsirkiya ta zabge ni a hannun hagu, shatar ta yi kwanaki tana zafi. Kawu ya zo ya karkatar mini da gwiwar hannu. "Kada ka damƙe shi kamar ƙotar fartanya. Ja har kusa da kunci, ka tsai da numfashi, sannan ka saki."

Wata biyu na yi kafin mu je maƙera.

Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, saboda haka ba a harba ta daga nesa. Aikin duk yana ga sanɗa. Kawu kan ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, sannan mu kewayo ta inda dabba ba za ta shaƙi warinmu ba. Dafin kwankwani kuwa can bayan gari yake dafa shi, shi kaɗai, kuma bai yarda na riƙe kibiya mai dafi ba a shekarar. A lokacin na ji haushi, amma yau ina ganin gata ya yi mini, don ƙwarzane ɗaya ya isa ya kai mutum lahira.

Dajin Falgore na gwamnati ne, ba ma shiga. Bayan girbi muka fita gefen gonaki da asuba, cikin sanyin hunturu. Kawu ya dafa kafaɗata, ya nuna mini gindin wata sabara. Zabin daji ne, suna kiwo.

Abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.