Kilo 300 da suka ɓata mini rana

Har yau in na ga 0.80 a takarda sai raina ya sosu. Lambar da na haddace ke nan tun ina koyon aiki: litar man jirgin sama Jet A-1 ɗaya, kilo 0.80. Ta zauna mini a kai har na daina duba takardar da direban tanka ke miƙo mini.

Ran nan kyaftin ya ce a ƙara masa kilo 12,000. Ita kuwa tanka ba ruwanta da kilo, lita mitarta ke ƙirgawa. Na raba 12,000 da 0.80, lita 15,000 cif, na ce a zuba. Aka zuba, aka naɗe tiyo, tanka ta kama gabanta. Sai ga kyaftin ya leƙo ta ƙofa: "Malam, kilo 300 ɗina fa?"

Takardar tana aljihuna a ninke, da tabon mai a gefe. 0.78 aka rubuta, abin da haidiromita, na'urar auna nauyin mai, ta nuna da tsakar ranar nan. Mai in ya ɗauki zafi buɗewa yake yi, litar na nan yadda take amma nauyinta ya ragu. Lita 15,000 sau 0.78, kilo 11,700 ke nan. Lita 15,385 ya kamata in nema. Kafin tanka ta gama da wani jirgin ta dawo an ci minti 40, fasinjoji na zaune, ni kuma ina tsaye ƙarƙashin fiffike kamar in nutse.

Abin haushin, na san ƙa'idar Jet A-1 ta yarda da 0.775 har zuwa 0.840 a zafin digiri 15. Na san SG, wato lambar da ke takardar, gwada nauyin mai ne da na ruwa, kuma a aikace lambarsa kusan ɗaya take da kilon da ke cikin lita. Har labarin Boeing 767 ɗin nan na Kanada nakan ba sababbi, wanda mai ya ƙare masa a sama a 1983 ya sauka a Gimli, don an yi lissafi da 1.77, fam a lita, aka ɗauka kilo ne. Duk da haka na zuba da ka.

Yanzu ba a jona tiyo sai na karanta lambar da baki, direba ya maimaita mini. Wasu suna ganin na cika naci. Jiya ma 0.79 ce.