Fili a Garwa da kalmomin da suka kusa cin kuɗina

Ranar da dillali ya kai ni ganin wani fili a bayan gari nan Garwa, kalma uku na sani: la'ada, kafin alƙalami da shaidu. Na ɗauka da su an gama ciniki. Mai filin ya fito da takarda mai hatimin jauro, wato mai unguwa, ta sha ninki har ta kusa rabuwa biyu, ya ce ita ce shaidarsa.

Kawuna ne ya riƙe hannuna. "Ɗana, tambaye shi titir fonsiye." Wannan ita ce takardar mallaka da gwamnatin Kamaru ta amince da ita tun dokar filaye ta 1974. Takardar jauro ko lawan tana nuna mutum ya gaji wurin ko ya daɗe yana nomansa, amma banki ba ya karɓarta a matsayin jingina. Idan fili yana da titir, a gaban noter, jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, ake sayar da shi, sannan a yi mutasiyon, wato a mayar da sunan mai saye. In kuma yanki za a yanko maka daga babban fili, sunan aikin morselma, sai ma'aikatan kadastar, ofishin awon filaye na gwamnati, sun zo sun auna sun dasa borna, waɗannan ƙananan turakun siminti na kusurwa.

Batun bashi kuwa, na leƙa Crédit Foncier du Cameroun, bankin ba da bashin gina gida. Sai ka fara kawo naka kason, su cika sauran, gidan ya zauna jingina har ka gama biya. Kuɗin ruwan ne ya tsaya mini a wuya, don haka na koma adashenmu na kasuwa. Kwasata tana watan Maris.