Na takwas ya zo daidai

Yau da safe a wurin iyo nan Yamai na ba yaran da nake koya wa iyo mita 100 sau 8, hutun daƙiƙa 20 tsakani. Ba gudu nake nema ba, so nake na takwas ya zo daidai da na farko a agogo. Akwai wani yaro ɗan bakin kogin Isa, ga ƙarfi, amma iyon gulbi ya saba: kai sama, ƙafafu na nutsewa, kafin na huɗu ya yi laushi. Yau kuwa sai na ga ya sunkuyar da fuska, kumfa na fita ta hancinsa, duk bayan hannu uku ya juyo gefe ya shaƙi iska. Ƙugunsa ya taso da kansa. Da ya taɓa bango a na ƙarshe, daƙiƙa 2 kacal ya ƙara.

Ya ɗaga tabarau yana haki ya ce, "Malam, ashe ruwan ma yana ɗaukar mutum?" Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Yaron nan ya isa a fara koya masa juyi a bango, can yake zubar da lokaci yanzu.