Wata biyu na yi ina jiran furosesar da ban saya ba

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Da dare kuma, in na samu sarari, nakan taɓa gem a kwamfutar da nake aikin da ita. Furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2019, mai cibiyoyin aiki shida. Ta yi min hidima, amma da masu biki suka fara neman bidiyo mai tsananin kyawun hoto, wato 4K, sai ta fara nishi. In na jera bidiyo a manhajar HandBrake in matse su, wato in rage nauyinsu, da tsarin x265, sai in bar ta in kwanta, da asuba in tarar ba ta gama ba, batirin sola kuma ya kusa ƙarewa.

A watan Yunin 2024 AMD ta sanar da Ryzen 5 9600X, ni kuwa na ƙwallafa rai a kanta. Na ƙi taɓa kuɗin da na tara har ta fito a Agusta. Da masu gwaji suka fitar da sakamako, sai ga shi a gem tazararta da 7600X, wadda ta gabace ta, ba ta taka kara ta karya ba. Cibiyoyinta ma shida ne, kamar tawa.

Nan ne na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. 9600X a mazaunin AM5 take zama, bod ɗina kuwa, wato babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai, B450 ne mai mazaunin AM4. Ke nan sai na sayi sabon bod, na kuma jingine ram ɗina (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) na DDR4 na nemi DDR5, domin AM5 ba ya karɓar tsohon. Kaya uku ke nan a maimakon ɗaya. Na leƙa ɓangaren Intel ma. Core i5-13600K tana da cibiyoyi 14, tana aiki da DDR4, ga Quick Sync mai saurin fitar da bidiyo. Ta burge ni ƙwarai. Sai dai ita ma sabon bod take so, kuma in aiki ya yi nauyi tana iya jan wat 181. Mai dogaro da inbata, a ɗakin da yake zama kamar tanda a watan Afrilu, dole ya yi tunani.

Sai na buɗe Task Manager, manhajar da ke nuna aikin da kowane sashe na kwamfuta yake yi, ina kallo. Lokacin matse bidiyo kowace cibiya a cike take maƙil. Lokacin gem kuwa katin hoto ne yake shan wahala, furosesa na hutawa. Ashe matsalata ɗaya ce, ni na mayar da ita biyu.

Na sayi Ryzen 7 5700X: cibiyoyi takwas, wat 65 a rubuce, kuma a bod ɗina za ta zauna. Wani abokina ya ce in ɗauki 5700X3D saboda ƙarin ma'ajiyarta da gem ke so. Gaskiyarsa, amma bidiyo ke ciyar da ni.

Ranar sakawa na yi gaggawa. Na fizgi fankar da ke kan furosesa alhali kwamfutar tana da sanyi, man da ke tsakaninsu ya daskare, tsohuwar furosesa ta biyo ta manne a ƙasanta. Gabana ya faɗi. Na haska fitilar waya ina bin siraran ƙafafunta layi-layi, Allah ya taimaka babu wadda ta lanƙwashe. Da na bar ta ta ɗan yi aiki ta ɗumama, sannan na murɗa fankar a hankali, da hakan bai faru ba. Na saka sabuwa, na kunna, allo baƙi ƙirin. Ban sabunta BIOS ba, wato manhajar bod da ke gane furosesa! Dole na mayar da tsohuwar, na sabunta, na sake kwancewa. 5700X kuma ba ta zuwa da fanka a kwali, ƙaramar da nake da ita ta yi ta ƙugi har sai da na sayo babba.

Yanzu in na jera aiki bayan isha'i, yawanci kafin in yi barci an gama. A gem ban ga wani canji mai yawa ba. Ragowar kuɗin na ajiye, katin hoto nake nema da su.