Wata huɗu da kitson Goggo ya cinye min

Har yau idan na ga ɗigon ja a allon kwamfuta sai gabana ya faɗi. Wanda ya taɓa ɗora wa mutum hular EEG, wato hular da ke ɗauko siginar lantarkin ƙwaƙwalwa ta wasu ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, ya san zancen: a allo, ƙwayar da ta zauna a fatar kai sosai takan yi kore, wadda ba ta zauna ba ta tsaya ja. A kan Goggo, cikin ƙwaya 16, uku kacal suka yi kore.

Lokacin ina digiri na biyu a wata jami'a a Jidda, a hannun wata Daktora da ta yi suna wajen haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta. Gaskiya Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ne ya kai ni wurinta. Na ga yawan masu ambaton takardunta da jerin abokan aikinta na Turai da Amurka, na ce nan zan tsuguna. Aikinmu allon rubutu ne na P300, irin wanda Farwell da Donchin suka fito da shi a 1988, amma da haruffan Larabci 28. Mutum zai kafa ido kan harafin da yake so, layuka na walƙawa, kusan sulusin daƙiƙa bayan nasa ya haska sai ƙwaƙwalwa ta ɗan zabura, na'ura ta kama; wannan zaburar ce P300. Don waɗanda jiki ya shanye har baki ya mutu ake yin sa.

Ni aka ba ɓangaren mata, tunda sai an cire mayafi. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, na kwaso dangi da maƙwabta daga unguwar Karantina. Goggo ta zo da sabon shuku, kai ya sha mai yana ƙyalli, wai ai jami'a za ta. Minti arba'in ina cusa jel da sirinji a ƙarƙashin kitso, yana gangarowa ta bayan kunnenta. Can ta ce, "Ke 'yar nan, kan nawa ne babu komai a ciki, ko injin naku ne ya mutu?"

Ƙa'idar aikin daga abokan haɗin gwiwarmu na Turai ta zo, kuma ta ce duk wadda ƙwayoyinta ba su sauka ƙasa da kilo'om 10 ba, wato ba su zauna a fata sosai ba, a ajiye bayananta gefe. Na ajiye na Goggo. Na ajiye na Yaya, na ajiye na maƙwabciyarmu. Kuma na ja bakina na yi gum, wata huɗu cur. A zatona hannuna ne bai iya ba. Sannan, in faɗi gaskiya, ni kaɗai ce baƙar fata a ɗakin binciken, kuma ban so in tashi a taron mako in ce gashinmu ne ya ƙi. Sai in rubuta "ba ta cika sharaɗi ba" in wuce. Ban san abin da nake jira ba.

Daktora ce ta lura lissafin mata ya ƙi cika. Da na yi mata bayani ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Me ya hana ki faɗa min tun makon farko?" Ta tura saƙo guda ga wani abokin aikinta a Amurka. Kafin sallar isha'i amsa ta iso, ɗauke da aikin Arnelle Etienne da abokanta na Jami'ar Carnegie Mellon, na 2020. Sun yi ƙwayoyin da suka kira Sevo, masu maƙalewa tsakanin layukan kitso, a kitse kan daidai da tsarin 10-20, wato taswirar wuraren da ake ɗora ƙwayoyin a kai. Wato lokacin da nake shiga banɗaki ina kuka, maganin yana nan a rubuce. Yawan ambaton da na bi na zo bai tsinana min komai ba ranar, saƙon da aka amsa mata cikin awa biyar ne ya fid da ni.

Ba mu samu Sevo ba, dabarar muka ɗauka. Na ɗauko mai kitsonmu, ina aunawa da tef ina sa alama a Fz, Cz da Pz, wuraren ƙwayoyi na tsakiyar kai, tana tsagawa da kibiya. A wanke kai tun dare, kada mai ya taɓa shi, wannan shi ne yaƙin da ya fi wuya. Goggo ta dawo, ƙwaya 14 suka yi kore. Ta rubuta "salam" da haruffa huɗu ba ta motsa ko yatsa ba, ta ce da ta ɗaga murya da tuni ta gama.

Mutanen Turai sun ƙara sakin layi kan gashi a ƙa'idarsu, mai kitso ta shiga sashen godiya a takardarmu. Ni kuwa zango guda ya ƙaru a kaina, da sabunta iƙama, da bayanin da na sha yi wa Baba. Sabuwar ɗalibar da ta zo bayana na ja ta gefe na ce, duk abin da ya ƙi sau uku, ki kai shi taron mako ko da kunya za ta kashe ki. Ta dube ni kamar na zauce.